Saitin Bahaguwa

Idan kana son gane ɗan danginmu a cikin taro, ba sai ka duba hanci ko goshi ba. Zaunar da shi gaban kwamfuta ka miƙa masa maus. Da ka ga ya danna maɓallin dama a inda duk duniya ke danna na hagu, ya yi tsaki, ya sake danna daman, to namu ne, ka gaishe shi. Akwai wanda ya faɗi jarrabawar neman aiki a kan haka. Akwai wadda malaminta ya ce a kai ta a duba mata kai. Duk wannan ɓarna mace ɗaya ce ta yi mana ita, kuma har yau tana yawo a gari ba a kama ta ba.

Injiniya muke ce mata, ko da yake ba ta taɓa taka ƙofar makarantar injiniyoyi ba, ko don fakewa ruwan sama. Aikinta buga sakamakon gwajin jini ne a wani ƙaramin ɗakin gwaji da ke saman shagon tayoyi, shi ya sa kullum mayafinta ke ƙanshin roba. Gajeriya ce, in ta hau kujerar ofis ƙafafunta lilo suke yi. Tabarau ɗinta kaurin gindin kwalba. A jakarta ba hoda ba turare, sai sukudireba, da tsohon buroshin haƙori na kaɗe ƙura, da filash na adana bayanai da ta ɗaure da zare. Ka kawo mata kwamfutarka don ta share maka datti, ka koma gida da Linuks, wato tsarin nan na kyauta da ke tuƙa kwamfuta, wanda kowa ke da izinin buɗe cikinsa ya gani, ya gyara, ya ba maƙwabci. Ba ta tambaya. Ba ta ba da haƙuri.

Sai dai ainihin gwanar ba ita ba ce. Tagwaye ne su. Abokiyar tagwaicinta, Allah ya jiƙanta, Bahaguwa muke ce mata. Kamarsu ta yi yawa har Inna da ta haife su sai ta miƙa cokali ta ga hannun da zai karɓa kafin ta san wadda za ta yi wa faɗa. Bahaguwa ce ta koya wa kanta Linuks a ɗakin Inna, kan wata babbar kwamfuta ta tebur mai gurnani kamar injin niƙa, tana buga wa ɗalibai takardu. Da ciwo ya kwantar da ita, wanda ya yi ta cin ta a hankali har wuyan hannunta ya koma kamar na tsana, sai ta mayar da kwamfutar nan abin yi. Ta juya maɓallan maus su dace da hagu. Da idonta ya fara hazo, ta ƙara girman rubutu. Ta sa allon ya riƙa yin rawaya da yamma saboda ciwon kai. Don tsokana kuma ta naɗi muryarta ta cusa ciki: in an kunna sai ka ji, "Kin zo? Zauna mana." Da la'asar kuma, "Ke, tashi ki sha magani." Kanta take yi wa.

Bayan rasuwar da ɗan lokaci, Kawu ya zo da tasa kwamfutar a rungume, ta ƙi tashi. Ya saba kawo wa marigayiya, ƙafarsa ce ta kawo shi. Ya tsaya tsakar gida yana kallon Injiniya, fuskar dai ita ce, sai ya miƙa mata.

Ita kuwa ba ta iya zuba tsari sabo fil ba. Abu ɗaya 'yar'uwarta ta taɓa nuna mata: yadda ake kwafe rumbun kwamfuta, inda take ajiye komai, ɗungurungum a juye shi cikin wani. Shi ta yi. Ta kwafe kwamfutar ɗakin Inna, da saitin, da muryar, da komai, ta juye wa Kawu.

Kawu ya kai gida ya kunna. "Kin zo? Zauna mana." An ce takalmi ɗaya ya fita da shi, kuma sai a bakin titi aka cim masa. Amma mutum ne mai hawan jini da mantuwa, ba a yi nisa ba sai ga shi yana zaman jiran la'asar da kofin ruwa a hannu. Dattijo mai gemu, ana ce masa "ke", yana cewa "to".

Daga nan abin ya bazu. Duk kwamfutar da ta shiga hannun Injiniya Bahaguwa take fitowa. Har sunan da kwamfuta ke amsawa a kan waifai ɗaya ne. Ranar da aka taru a gidan Inna kowa da tasa, aka buɗe jerin waɗanda suka hau waifan gidan, sai ga shi: bahaguwa, bahaguwa, bahaguwa, har ƙasa. Wata gwaggonmu ta ɗauki jakarta ta ce ta bar tukunya a wuta, alhali gidanta tafiyar wuni ce.

An sha yi mata ƙorafi.

"Don Allah Injiniya ki cire mana muryar nan, yara ba sa shiga ɗakin su kaɗai."

"Ba ta ciruwa."

"To maus ɗin fa?"

"Haka kamfani ya yi shi."

"Wane kamfani? Ba ke kika ce ba na kamfani ba ne?"

"To ai ka ji."

Yadda take aiki kuwa shi ne abin kallo. A tsarin nan akwai wani baƙin allo da ake rubuta wa kwamfuta umarni kai tsaye. Yana riƙe abin da aka taɓa rubutawa, in ka danna kibiyar sama sai tsofaffin umarni su riƙa dawowa ɗaya bayan ɗaya. Injiniya ba ta taɓa rubuta nata ba. Firinta ta ƙi aiki, sai ta buɗe baƙin allo ta yi ta danna sama har ta iso inda marigayiya ta taɓa fama da firinta, ta danna shiga. Sauti ya ɗauke, haka. Tana wucewa ta kan kurakuran 'yar'uwarta, inda yatsa ya zame, inda ta rubuta abu ya ƙi ta sake ya ƙi, inda ta gaji ta buga wa kwamfutar baƙar magana. A nan Injiniya kan dakata, leɓenta ya motsa. Wanda ke tsaye a kanta ya ɗauka lissafi take.

Shi tsarin kuwa lokaci-lokaci yakan fito da saƙo cewa an yi sabon fitowa, a ɗaga zuwa gare shi. Injiniya ta gargaɗe mu kamar ana gargaɗin yaro da rijiya: wanda ya danna "to", ba ita ba shi.

Shekaru suka ja. Kwamfutocin suka fara mutuwa ɗai-ɗai. Ta Kawu tsawa ta ƙone ta. Wata shayi ya kwarara cikinta. Matasa suka koma waya. Waɗanda suka sayi sababbi suka kawo mata, ta juye musu Bahaguwa, ta ƙi tashi, don tsohon tsarin bai san kayan cikin sababbin kwamfutoci ba, ko kallonsu ba ya yi. Ta hannun Injiniya ma an zare ta daga jaka a motar haya. Ta je gida, kwana da kwanaki ba ta ci abin kirki ba. Muna tsokanar ta cewa ɓarawon na can an ce masa ya tashi ya sha magani ya tuba. Ba ta yi dariya ba.

A ƙarshe saura ɗaya tal da ke numfashi: ta asali, a ɗakin Inna, ƙarƙashin taga, an rufe ta da zanen gado mai furanni. Kowace yamma Injiniya daga aiki can take zarcewa. Ta gaida Inna, ta yaye zanen, ta kunna, a ce mata kin zo zauna mana, ta zauna. Ba abin da take yi a kai. Wani lokaci ta buɗe baƙin allo ta danna sama, ta danna sama, har a kira magariba.

Sai matar Auta ta haihu. Auta ƙaninsu ne, yana aiki a wata ƙasa mai nisa, kuma ba ranar zuwa. Idon Inna ya yi rauni sosai. An nuna mata jaririn a waya, ta kai ta hanci, ta nisanta ta, ta ce ita dai wani abu take gani kamar ɗanyen ƙwai a faranti. Auta ya ce ai akwai babban allo a ɗakin, ya aiko da kyamara, a yi kiran bidiyo a kwamfuta. Injiniya ta jona. Shafin kiran ya buɗe rabi, ya ce burauzar, wato manhajar shiga intanet, ta tsufa. Ta nemi sabuwar burauza, ita kuma ta ce tsarin ya tsufa. Kowa na tura ta gaba, gaban kuwa wuri ɗaya ne: saƙon nan da ta hana mu taɓawa.

Ta fara kwana-kwana. Yau intanet ba ƙarfi. Gobe wutar ba ta tsaya ba. Jibi kyamarar ce jabu. Auta ya yi ta kira.

"Yaya, yaron nan fa ya fara zama."

"To ya zauna mana, wa ya hana shi?"

"Sai ya yi gemu Inna za ta gan shi?"

Wata yamma tana zaune gaban allon da ya yi rawaya, Inna na bakin gado tana shafa gwiwa da man zafi, sai muryar ta ce, "Ke, tashi ki sha magani." Inna ta amsa a hankali, "Ta sha, 'yar nan, ta sha." Da jin yadda ta faɗa ka san kullum haka take amsawa. Sannan ta juyo.

"Ke, in tambaye ki. Abin nan da Auta ke cewa a yi, in an yi, ita za ta tafi?"

"Ban sani ba, Inna. Ta yiwu."

"Uhm." Inna ta rufe kwalbar man. "Ni dai idon nan kullum raguwa yake. Bara ina ganin lambar agogon can, bana agogon ma sai na lalubo. Ban ce ki yi ba, ban ce ki bari ba. Na dai gaya miki."

Injiniya ta so a ce Inna ta yi mata tsawa. Da tsawa ce, da ta san yadda za ta yi da ita.

Ranar hutunta ta zo da sassafe. Ta kwashe hotuna da takardu ta adana a wani rumbu na waje. Ta share fankar kwamfutar da buroshinta har sau ba adadi, ta gyara zaman wayoyin da ba su karkace ba, ta sha ruwa, ta dawo. Sannan ta nemo saƙon, ta danna "to".

Tsarin ya yi nisa da zamani, don haka ba tsalle ɗaya ba ne, hawa-hawa ne, ka ɗaga zuwa wannan, ka sake kunnawa, ka ɗaga zuwa na gaba. Rubutu ya yi ta gudu a allo kamar tururuwa. Jim kaɗan sai ya tsaya cak ya yi tambaya: an sami wani saiti da aka canza da hannu a wannan kwamfuta, a bar tsohon ko a sa sabo? Ta san hannun da ya canza shi. Ta ce a bar tsoho. Ya ci gaba, ya sake tsayawa, tambaya iri ɗaya. A bar tsoho. Haka suka wuni, shi yana tambaya, ita tana kare 'yar'uwarta. Hawa na farko ya wuce, aka kunna, muryar ta ce kin zo. Na biyu ma haka. Har ta fara jin yunwa, alamar hankali ya kwanta. Inna ta turo mata burodi da shayi.

Bayan azahar aka gama hawa na ƙarshe. Kwamfutar ta sake tashi da wata sabuwar fuska, ta nemi lambar sirri. Ta buga. Allon ya yi duhu, ya ɗan haska.

"Kin z—"

Ɗif. Ya dawo yana neman lambar sirri.

Ta sake bugawa a hankali. "Kin z—" Ɗif.

Inna ta ɗago kai. "Me ya same ta?"

Injiniya ta sake bugawa. Ta sake, ta sake. Kowane karo ƙofa ta buɗe kamar faɗin yatsa, muryar ta taso, a datse ta a tsakiyar kalma. Ta san irin wannan yankewar. Haka maganar Bahaguwa ta riƙa yi a kwanakin ƙarshe, ta ɗauko zance numfashi ya ƙwace shi.

"Bari haka nan," in ji Inna. "Kina wahalar da ita."

Akwai hanyar shiga baƙin allo ko da ƙofar gaba ta ƙi. Ta bi ta nan. Ta danna sama. Firinta. Sama. Sauti. Sama, sama, waifai, agogo, baƙar maganar nan. Ta yi ta hawa har kibiyar ta daina motsi, ta kai ƙarshen abin da ya rage. Babu. Ta yaya ma za a samu? Bahaguwa ba ta taɓa ganin wannan tsarin ba, an yi shi ne tana ƙasa.

Ta ɗauki waya ta bincika a zauren da masu amfani da tsarin ke taimakon juna. Ba ita ce ta farko ba. Amsar a fili take: duk saitin mutum yana cikin wata ɓoyayyiyar folda, sabon tsarin na karanta tsohon saitin ya kasa fahimta, sai ya faɗi ya koma baya. A kawar da foldar gefe, a canza mata suna, zai yi sabuwa da kansa. Layi ɗaya ne. Ba gogewa ba ne ma. Ta san in ta so, gobe za ta iya tono muryar ta sa ta yi magana, ta juya maus, ta rina allon. Amma wannan ita ce za ta yi, kamar mai sa wa tsana kayan mamaci. Wanda ke ciki yanzu kuwa mai shi ce ta ajiye da hannunta, ba wanda ya taɓa shi tun ranar.

Ta ɗora yatsu kan kibod ta rasa ta inda ake farawa. Mace mai buga sakamakon jini ba ta kallon hannu, yau ga ta tana neman haruffa ɗaya-ɗaya kamar 'yar aji ɗaya. Ta yi kuskure, ta goge. Ta gama. Layin na nan yana jiran ta.

"Inna."

"Na'am."

"Zan danna."

Inna ta gyara ɗankwali. "Bismillah."

Ta danna. Kwamfutar ba ta ce komai ba, haka tsarin yake in abu ya yiwu, sai dai ya sauko sabon layi. Ta koma ƙofar gaba ta buga lambar sirri. Ya buɗe tar, fari fat, rubutu ƙanana, tsaf kamar ɗakin haya da ba a taɓa kwana ciki ba. Su biyun suka kasa kunne ba tare da sun shirya ba. Sai gurnanin fanka.

Ta aika wa Auta saƙo. Kafin ta ajiye wayar har ya kira. Shafin ya buɗe gaba ɗaya, sai ga fuskarsa ta cika allon, ya yi ƙiba, yana ihu kamar daga ƙasar tasa yake son a ji shi ba na'ura.

"Inna! Kina gani na? Yaya, kin ga dama ke nan! Kawo shi, kawo shi!"

Aka ɗago yaron, ƙato, kumatu kamar an hura, yana cin yatsun ƙafarsa. Injiniya ta jawo wa Inna kujera har gaban allon, ita ta tsaya a bayanta ta sunkuyo, hannunta kan maus tana neman inda ake ƙara sauti.

A kusurwar allon akwai wani ƙaramin akwati da ke nuna na wannan ɓangaren. Kamar madubi yake nunawa, dama ta koma hagu. A cikinsa ga Inna zaune, a bayanta ga wata gajeriyar mace ta sunkuyo, ta miƙa hannun hagu kan tebur. Injiniya ta daskare. Ta cire tabarau don ta goge, ta cikin akwatin ma ta cire, da hagu, sai kamannin suka cika, don marigayiya ba ta sa tabarau.

Inna ta matso da fuska. Ba wajen jaririn ba. Ta kai hancinta kusa da ƙaramin akwatin, ta ɗaga yatsa ta taɓa gilashin.

"Inna, ga shi nan, tsakiya!" Auta na ta faɗi. "Kalli nan, yana miki dariya! Yaya, ko hoton ya tsaya ne?"

Inna ba ta ji shi ba. "Kin yi ƙiba," ta ce da akwatin, ƙasa-ƙasa. "Kin warke ke nan."

Injiniya ta tsaya yadda take, ba ta ko ƙifta ido, don ita ma ba ta ƙoshi da kallon ba. Yaron ya fara ƙananan kuka, uwarsa na cewa daga gefe bari ta karɓe shi. Sai Injiniya ta saki maus ɗin. Ta ja da baya, ta matsa gefe, ta ƙara matsawa har bayanta ya taɓa bango kusa da ƙofa, inda kyamara ba ta kaiwa. Akwatin ya rage Inna kaɗai da kujera.

Inna ta daɗe tana kallon wurin. Sannan ta share ido da bakin zane, ta juya a hankali zuwa tsakiyar allon.

"Kai, Auta," ta ce, "ɗago min shi sosai. Wannan kunnuwa na wa ya kwaso haka?"